Motar Ɗaki ta Baba Salihu

Tun ranar da muka sauka gida ban huta da tambaya ba. In na je tasha, 'yan'uwana direbobi sai su kewaye ni, yaya hanya, yaya teku, da gaske ne a can ba ta hagu ake tuƙi ba. Wani kuma ya ji ƙishin-ƙishin wai na yi cinikin mota a Makka, ya baza, har aka kai ga cewa na saya ta nutse a teku. Ba ta nutse ba, ban ma saya ba. Tunda bakina ya gaji da maimaitawa, bari in zauna in ba da labarin tun daga farko.

Sunana Idi. Shekara ashirin ina jan lori, ina kwaso gyaɗa daga Gumel da Haɗeja zuwa Kano. Matata Asabe ce ta fara ɗaura niyyar wannan tafiya, ba ni ba. Ƙuli-ƙuli take yi da man gyaɗa, kuma tun muna da ƙuruciya take ajiye abin da ta samu. Allah bai bar mana ɗa a raye ba, saboda haka ba wanda za mu bari a baya yana kuka. Ita fa Madina ce a ranta. Takan ce in ta tsaya gaban kabarin Annabi ta yi sallama, ta gama abin da ya kawo ta duniya.

Mun tashi bayan an gama kakar gyaɗa, kafin ruwa ya sauka, 'yan shekaru bayan yaƙin duniya. Daga Kano zuwa Maiduguri sarauta muka yi, don motar abokina ce, a gaba ya zaunar da mu. A Maiduguri aka yi mana lamba, aka buga hatimi a fasfo, daga nan sarauta ta ƙare. Sai bisa kaya, mu wajen arba'in, kowa ya rungume ƙullinsa. Ban taɓa zama fasinja ba sai ran nan. Duk sanda direba ya doshi rami, sai ƙafata ta danna buhun da ke gabana tana neman birki. Asabe ta lura, ta yi ta dariya a cikin mayafi, ta ce in bar buhun mutane ya huta, ba zai tsayar da motar ba.

A bakin iyakar ƙasar Faransi aka sauke mu za a duba kaya. Ma'aikacin ya ga wani ƙulli da Asabe ta naɗe da tsumma har ninki uku, ya ɗauka wani abin daraja ne, ya ce a kwance. Daddawa ce. Ya kai hanci sau ɗaya, ya ja da baya, ya yi mana alama da hannu mu kwashe, sauran kayanmu ko kallo bai yi musu ba. Muka haye kogi a kwale-kwalen ƙarfe zuwa Fallomi. Can ne na fara ganin motoci suna bin hannun dama. Ran farko duk motar da ta tunkaro mu sai in runtse ido.

Daga Fallomi zuwa Abashe, daga Abashe zuwa Jinena a ƙasar Sudan, ba hagu ba dama, don ba hanya, sai sawun wanda ya riga ka. In mota ta kafe a yashi kowa ya sauko, maza su tona, a shimfiɗa faifan ƙarfe gaban taya, a tura da salati. Mata su hura wuta a yi shayi. Mutanen Sudan ba sa wasa da shayi, ko mota na ci da wuta sai sun sha. Abincinsu kisra, wata waina ce shara-shara kamar takarda, da miyar busasshiyar kuɓewa. Na ci na ƙoshi amma cikina bai yarda an ci abinci ba, tuwo yake jira. Kusan kowane zango kuma sai mun tarar da Hausawa. Wani ya ce mini shekararsa goma sha bakwai a hanyar Makka, yana noma yana matsawa, har ya aurar da 'ya a hanya.

Tsakanin Fashir da Nahud abin ya same mu. Direba ya faɗa wani kwazazzabo da gudu, motar ta yi sama ta dawo, Asabe ta bugi bakin durom da ƙugunta. Ba ta yi kuka ba, cewa kawai ta yi ba komai. Amma da aka tsaya sallah ta kasa sauka sai da na ɗauke ta. Wata tsohuwa Bashuwa da ke cikinmu, ba ta jin Hausa mu ba ma jin Larabcinta, ita ta riƙa gasa mata bayan da tsumma da ruwan zafi kowane zango, har Lubayya inda muka shiga jirgin ƙasa. A Sawakin aka tsare mu kwanaki a sansanin duba lafiya, sannan jirgin ruwa, sannan Jidda. Duk wannan Asabe a dafe take tafiya.

Ranar da muka shiga Harami muka ga Ka'aba ba zan iya ba ku labarinta ba. Asabe ta riƙe hannuna a gaban mutane, abin da ba ta taɓa yi ba tun da aka ɗaura mana aure, muka tsaya muna hawaye.

Saura wata biyu aikin Hajji, gidajen kusa da Harami kuwa sun fi ƙarfinmu, sai aka kwatanta mana gidan wani dattijo a unguwar Zahir, Baba Salihu. A Makka aka haife shi, ubansa ne ya taho da ƙafa daga ƙasarmu. Hausarsa rabi Larabci ce, mota a bakinsa sayyara ce, kuɗi fulus, in abu ya yi masa daɗi ya ce ɗayyib. Matarsa ta rasu, yanar ido ta rufe masa gani, da ƙyar yake gane mutum. Ya ba mu ɗaki a ƙasa saboda Asabe ba ta iya hawa bene.

Al'adunsu sun ba ni mamaki. Mai kanti in an kira sallah sai ya yafa ƙyalle a kan hajarsa ya tafi, ba ƙofa ba kwaɗo. Gahawa a ɗan kofi kamar bakin kwalba ake ba ka, kuma in ba ka girgiza kofin ba za a yi ta ƙarawa. Na sha bakwai a zama ɗaya kafin Baba Salihu ya ji tausayina ya gaya mini. Shinkafa da madara suke dafawa su ɗora nama a kai. Asabe ta ce wannan ai kunun jarirai ne, ta kwance daddawarta ta yi miyar kuka. Da ƙanshin ya kai wa tsohon, sai ya lallaɓo ya zauna bakin ƙofa, ya ce rabonsa da jin wannan tun uwarsa na da rai. Daga ran nan tare muke ci.

A kwana na huɗu na zaga bayan gida neman inda zan shanya wanki, na ga wani abu lulluɓe da tabarmin kaba. Na ɗaga gefe, sai ga taya. Tsohuwar motar soja ce, amma an cire bodinta an gina mata ɗaki na katako a baya. Da ƙofa, da taga biyu masu labule, da gado kafaffe mai katifar auduga, da tankin ruwa mai famfo, har da ɗan wurin ajiye risho. Ban taɓa ganin irinta ba. Baba Salihu ya ce ta maigidansa ce, wani attajiri mutumin Sham da ya yi wa tuƙi shekaru. Ba don aiki aka yi ta ba, don shan iska. In zafin Makka ya tsananta sai ya kwashi iyalinsa su hau dutse zuwa Ɗa'ifa, su yi kwanaki a cikin lambuna suna kwana a motar. Da zai koma ƙasarsu ya bar masa ita ladan hidima. Yanzu ido ya tafi, shekara biyu tana tsaye, so yake ya sayar.

Ina tsaye ina kallon gadon nan, ba abin da nake gani sai Asabe kwance a kai, ni ina tuƙi a hankali, ina kauce wa kowane rami daga bakin teku har ƙofar gidanmu. Tun a Sawakin tunanin komawa ke damuna. Na san yadda ta iso, ban san yadda za ta sake hawa bisa buhuna wata guda ba.

Na tambayi kuɗinta. Abin da ya faɗa bai yi yawa ba ga mota, ya yi yawa ga aljihuna. Na shiga bincike. Na je Jidda na tambayi abin da jirgi ke karɓa ya haye da mota, aka gaya mini, na ji kamar an zuba mini ruwan sanyi. Ga kwastan a Sudan, ga na Faransi, ga namu. Ga fetur, wanda sai an saya a durom an ɗauka, don akwai inda za ka yi kwana huɗu ba mai sayarwa. Tayoyin baya biyu sun tsattsage saboda rana, sifirin ɗaya ya karye an ɗaure da waya, batir ya mutu. Duk yadda na juya abin, wuri ɗaya yake tsayawa: in na sayi motar na kai ta gida, ba zuwa Madina. Sai in ce wa kaina ai in mun isa Kano na cire ɗakin na sa mata bodi, ta zama tawa, na daina tuƙa ta wani, bayan 'yan shekaru mu dawo mu yi ziyara. Ban gaya wa Asabe wannan ɓangaren ba. Na ce mata dai ina dubawa.

Baba Salihu ya ce zai aro batir mu gwada ta, in shirya gobe ƙarfe tara. Na shirya tun hantsi, na zauna gindin mota har rana ta take, ba batir ba labari. Ashe su daga faɗuwar rana suke fara ƙirgen agogo, ƙarfe taransu wajen la'asar ne. Da aka kawo, na wanke fulogi, na zuba ruwa da fetur, na murɗa. Ta yi tari sau biyu ta tashi. Tsohon ya dafa ƙofar yana murmushi kamar ya ji muryar ɗan'uwa.

Muka nufi Tan'im, ba nisa. Shi yana gefena yana gaya mini hanya da ka, nan akwai kwana, nan akwai gangara, bai yi kuskure ko ɗaya ba. Asabe tana baya a kan gado. Da muka isa na zaga na buɗe ƙofa, sai na tarar ta yi barci, hannunta ƙarƙashin kunci, labule yana kaɗawa a kanta. Tun Nahud ban ga fuskarta a sake haka ba. Na mayar da ƙofar a hankali. A wannan lokacin na gama yanke shawara zan saya.

Da muka dawo gida na buɗe inji don in ƙara dubawa. Ruwan lagireto ya ragu fiye da kima. Na zaro sandar duba baƙin mai, sai na ga man ya yi fari-fari kamar an dama shi da nono. Duk direban da ke jina ya san ma'anar wannan: ruwa yana shiga inda bai kamata ba. Na bi da yatsa na share datti, na sami tsagar, siririya kamar gashi, a jikin injin kansa. Irin wannan mota za ta yi maka tafiyar gari lafiya lau. A cikin yashi, da giya ɗaya, da zafin rana, wata rana za ta tsaya, kuma ba za ta sake tashi ba.

Kwana uku na yi ban faɗa wa kowa ba. Na je wurin wani maƙeri Bayamane, ya ce zai iya liƙewa amma ba zai rantse a kai ba. Na riƙa ce wa kaina liƙin zai riƙe, zan ɗauki ruwa da yawa, zan yi tafiyar safe da yamma kawai. Na san ƙarya nake yi wa kaina, amma da na tuna barcin nan sai in ƙara ta.

Rana ta uku da azahar Asabe tana tsince shinkafa a faranti, ina zaune ina gyara waya, ta ce ba tare da ta ɗago ba, "Malam, motar nan tana da ciwo, ko?"

Na tambaye ta wa ya gaya mata. Ta ce ba kowa. Shekara ashirin tana jin dawowata tun daga bakin layi, ta san kukan mota mai lafiya, ta san na wadda zan kwana ƙarƙashinta. Kafin barci ya ɗauke ta ran nan ta ji wannan tana numfashi sama-sama a hawa. Kuma ta ga kwana uku ina barin tuwo a kwano.

Na gaya mata gaskiya duka, har da zancen Madina. Ta ci gaba da ware tsakuwa gefe. Can ta ce ita Madina in Allah bai nufa ba ba za ta yi fushi da ni ba, ta san don ita nake yi. Abin da take so in tuna shi ne ranakun da muka kafe a yashi. Ta ce in ƙirga hannu nawa suka tura motar, wa ya ba mu ruwa da namu ya ƙare, wa ya gasa mata baya.

"In wannan ta mutu a can, daga ni sai kai," in ji ta. "Ni ba zan iya turawa ba. Kai kuma ba za ka tafi neman taimako ka bar ni ba, na san ka. Sai mu zauna a kan gado mai kyau mu jira mutuwa. Gara bayana ya yi ciwo a cikin mutane."

Na ɗauki farantin na taya ta tsince sauran.

Abin da ya fi mini wuya shi ne gaya wa Baba Salihu, don motar nan ita ce duk abin da ya mallaka bayan gidan. Na kama yatsansa na ɗora a kan tsagar. Ya bi ta daga farko har ƙarshe, ya sake bi. Ya ce wallahi bai sani ba. Wani maƙwabci ne ya ara ta ƙarshe, mai yiwuwa ya bar ta ba ruwa. Ya ce da na tafi da ita wani abu ya same mu, da me zai gaya wa Ubangiji. Sannan ya zauna a kan matakalar motar ya faɗi abin da ban zata ba. Wasu sun taya ta a baya ya ƙi. Da ya ji ni direba ne daga ƙasar Hausa sai ransa ya kwanta, don ubansa mutumin Katagum ne, har ya mutu yana zancen komawa, shi kuwa ko sau ɗaya bai taɓa ganin wurin ba. Ya so a ce wani abu nasa ya taka ƙasar.

Sauran makonnin a ƙarƙashin motar na yi su. Ni da Bayamanen muka liƙe tsagar, na gyara sifirin, na yi wa tayoyi faci. Ranar hawan Arfa ita ta kai mu, ni da Asabe da Baba Salihu da tsofaffin mata biyar na unguwar waɗanda ba sa iya tafiya, a hankali, ina tsayawa ina ba ta ruwa kamar jaki. Bayan Hajji wani mai gidan burodi a Utaibiyya ya saye ta don rarraba gurasa cikin gari. A gabana Baba Salihu ya kama yatsan mutumin ya ɗora a kan liƙin kafin a yi maganar kuɗi.

Ranar da za mu tashi zuwa Madina na fito na tarar da wani naɗi a kan kayanmu, ɗaure da igiya. Katifar ce. Baba Salihu ne ya cire ta kafin a tafi da motar. Na sa hannu a aljihu, ya riƙe mini hannu.

"A'a, ya waladi. Sayyara ta ƙi zuwa, to wannan ta je."

Asabe ta durƙusa ta yi masa godiya, ya ce ta bar masa sauran daddawar kawai, ta bar masa.

Mun je Madina. Asabe ta tsaya inda take so ta tsaya, ta yi sallamarta, ta daɗe. Komawa kuwa bisa kaya muka yi kamar yadda muka zo, sai dai duk motar da muka hau ina shimfiɗa katifar a kan buhuna. Ba ta taɓa kwanciya a kai ita kaɗai ba. Daga Lubayya wata mai ciki ce a gefenta, daga Abashe wani tsoho mai zazzaɓi ya karɓi rabi, ita ta zauna a jingine. Bayan nata ya yi ciwo, amma ta iso da ƙafarta.

Da muka baro Fataskum muka shiga ƙasar Katagum, kusa da Azare, sai ta taɓa ni ta ce in roƙi direba ya tsaya. Na san shi, ya tsaya, fasinja suna ta tambayar lafiya. Ta sa na sauko da katifar, ta kwance igiyar da kanta, ta shimfiɗa ta a ƙasa gindin wata tsamiya, ba tabarma ba komai. An gama girbi, ana jiyo sussuka daga wani ƙauye. Ta zauna a kai ta ɗaga hannu, ta yi wa Baba Salihu addu'a, ta yi wa ubansa da ba mu san sunansa ba. Fasinjan da suka ji dalili suka sauko suka shafa tare da mu. Da za mu naɗe na kai hannu zan kakkaɓe ƙasar da ta manne a jiki, ta ce in bar ta haka.